Abin da Ba Ya Fitowa a Shafin Bita: Nazari kan Bitar Kod da Takardun Bayani a Tawagogin Gina Manhaja

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda masu gina manhaja suke bitar aikin junansu, wato kod ɗin da suke rubutawa da takardun da ke bayanin abin da kod ɗin ya kamata ya yi. Ta bi sawun al'adar tun daga tsarin da Michael Fagan ya shimfiɗa a kamfanin IBM a 1976 har zuwa bitar da ake yi yau a kan GitHub da Gerrit. Hujjarta ita ce bitar zamani ta sami sauri da sauƙi, amma a hanya ta yar da abu guda da tsohon tsarin ya riƙe da kyau: karanta kod takardarsa tana buɗe a gefe. An kafa hujjar da binciken da aka yi a Microsoft da Google da Cisco, da ɓarnar Heartbleed, da asarar kumbon Mars Climate Orbiter, sannan aka duba abin da ƙaramar tawaga za ta iya yi da abin da ke hannunta.

1.0 Gabatarwa



Duk tawagar gina manhaja da ta san ciwon kanta a yau ba ta barin mutum ɗaya ya rubuta kod ya sake shi ga jama'a ba tare da wani ya sa masa ido ba. Yadda ake yi kusan iri ɗaya ne ko'ina. Injiniya zai yi canjinsa a gefe, ya aika da buƙatar a haɗe shi da uwar manhajar. Abokin aikinsa zai buɗe shafi mai launi biyu, layukan da aka cire da ja, waɗanda aka ƙara da kore. Zai karanta, ya yi tambaya ko ya nemi gyara, in ya gamsu ya danna amincewa, aiki ya wuce.

Shafin nan ya sauƙaƙa bita ƙwarai, kuma ban zo don in kushe shi ba. Sai dai yana da iyaka wadda ta samo asali daga yadda aka ƙera shi: abin da aka taɓa kaɗai yake nunawa. Layin da ya kamata a rubuta amma aka manta ba shi da launi, don babu shi. Takardar da ke wani fayil can, wadda canjin ya mayar da ita ƙarya, ita ma ba za ta leƙo ba, tunda babu wanda ya taɓa ta. Mai bita yana iya karanta kowane layi da aka nuna masa cikin natsuwa, ya yi aikinsa tsakani da Allah, kuskuren ya bi ta gefensa ya wuce.

Takardun bayani a nan sun haɗa da duk rubutun da ya ɗauki alkawari a madadin kod: takardar tsari da ake yi kafin a fara gini, ƙa'idar yadda manhaja biyu za su yi magana da juna, jagorar girkawa, matakan ɗora sabon kod a kan saba (kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta), har da sharhin da ake saƙalawa tsakanin layukan kod. Abin da zan kare shi ne, bitar kod da bitar takarda aiki ɗaya ne da aka raba gida biyu, kuma kurakuran da suka fi tsada a tsagar da ke tsakaninsu suke kwana.

2.0 Daga zaman Fagan zuwa shafi mai launi biyu

A 1976 Michael Fagan ya buga maƙala a mujallar IBM Systems Journal yana bayyana tsarin da ya gwada a kamfanin. Tsarin yana da nauyi. Mutum huɗu ne galibi: mai jagorantar zama, wanda ya tsara aikin, wanda ya rubuta kod, da mai gwaji. Kowa zai karɓi kayan tun kafin ranar, ya je ya yi nazari shi kaɗai. Ranar zama ba a wuce awa biyu, domin an lura cewa daga nan ido yake gajiya, kamun kuskure ya ragu. A zaman ba a gyara komai. Nemo kuskure ake yi a rubuta, gyara sai an tashi, sannan jagora ya bi ya tabbatar an yi. Fagan ya kuma ja kunnen manajoji kada su auna ƙwazon ma'aikaci da sakamakon zaman, don ranar da aka fara haka kowa zai koma ɓoye laifinsa.

Abu biyu a tsarin sun fi jan hankalina. Na farko matsayin mai karatu. Idan takardar tsari ake dubawa, ana zaɓar mutum, yawanci wanda zai rubuta kod ɗin, ya faɗi abin da takardar ke nufi da bakinsa a gaban wanda ya rubuta ta. In ya fahimce ta a karkace, nan take za a ji, tun ba a rubuta layi ko ɗaya ba. Na biyu, Fagan ya kasa kurakurai gida uku: abin da aka yi ba daidai ba, abin da aka ƙara ba a nema ba, da abin da ya ɓace. Na ukun nan ba ya kamuwa sai da ma'auni a hannu. Ba yadda za a yi mutum ya san an tsallake wani abu in ba ya riƙe da takardar da ta ce a sa shi.

Tsarin ya yi tasiri, amma tsadarsa ta kashe masa kasuwa. Kafin a sami lokacin da ya yi wa mutum huɗu masu aiki, an ci kwanaki. A 1993 Lawrence Votta na AT&T Bell Labs ya fito da tambayar da mutane da yawa ke yi a zuci, wato ko kowace bita tana buƙatar zama, ya kuma nuna cewa mafi yawan kurakuran tun a karatun kaɗaici ake gano su, abin da zaman ke ƙarawa kaɗan ne. A ɗaya gefen, masu buɗaɗɗiyar manhaja irin su Linux da Apache sun saba aika canji ta imel, wanda ya ga zai iya ya duba ya mayar da martani. Daga nan kayan aiki suka biyo baya. Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro harshen Python, ya gina Mondrian a Google wajen 2006. Gerrit ya fito don aikin Android. GitHub da aka buɗe a 2008 ya mayar da buƙatar haɗe canji abin da kowane ɗalibin kwamfuta ya sani.

An yar da zaman, kuma a ganina an yi daidai. Amma tare da shi mai karatu ya tafi, takardar da ke gefe ta tafi, ba tare da wani ya zauna ya yanke shawarar a rabu da su ba.

3.0 Abin da bita take kamawa a zahiri

A 2013 Alberto Bacchelli da Christian Bird sun yi bincike a Microsoft, suka tambayi ɗaruruwan injiniyoyi da manajoji dalilin da ya sa suke bita. Amsar da ta fi yawa ita ce don a kama kuskure. Sai suka ɗebo sharhi 570 da masu bita suka rubuta, suka rarraba. Waɗanda suka shafi kuskure kashi 14 cikin ɗari ne, mafi yawansu ma ƙananan kurakurai na kusa-kusa. Rukunin da ya fi girma, kashi 29, gyaran fasali ne: canja wannan suna, cire wancan layin da ba a amfani da shi, sauƙaƙa wannan lauje. Tun a 2009 Mika Mäntylä da Casper Lassenius sun sami abu makamancin haka, inda kusan kashi 75 na aibin da bita ta tono bai shafi abin da mai amfani da manhajar zai gani ba, ya shafi sauƙin karanta kod ne da gyara shi gaba.

Wasu sun ɗauki wannan a matsayin gazawar bita. Ban gan shi haka ba. Kod da mutum biyu suka fahimta ya fi wanda mutum ɗaya ya kulle a kansa, kuma sabon ma'aikaci yakan koyi abubuwa da yawa daga sharhin da ake yi masa. Abin da bai kamata ba shi ne tawaga ta riƙa yaudarar kanta cewa tunda an danna amincewa, an tace kuskure. Masu bitar da Bacchelli da Bird suka zanta da su sun faɗi inda gizo ke saƙar: abin da ya fi ba su wuya shi ne gane dalilin canjin da abin da ke kewaye da shi. Wanda aka miƙa wa layuka kawai, a kan layuka zai yi magana.

Google ta tunkari matsalar ta hanyar ƙanƙanta canji. Caitlin Sadowski da abokan aikinta sun duba canji kusan miliyan 9 a binciken da suka gabatar a 2018. Rabin canje-canjen ba su wuce layi 24 ba, sama da kashi 35 fayil ɗaya kawai suka taɓa, kuma waɗanda mutum fiye da ɗaya ya duba ba su kai kashi 25 ba. Rabinsu an gama bitarsu cikin ƙasa da awa huɗu. Akwai kuma sharaɗin cewa cikin marubuci da masu bita dole a sami mai hakkin wannan sashe na kod, da wanda aka tabbatar ya iya salon rubutun harshen. Wani nazari da kamfanin SmartBear ya yi a Cisco, wanda ya fito a 2006, ya duba bita 2,500 a kan layi miliyan 3.2, ya ba da shawarar kada a wuce layi 200 zuwa 400 a zama ɗaya, kada kuma zaman ya haura awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. SmartBear dai kayan bita take sayarwa, don haka a ɗauki alƙalumanta da lura, amma duk wanda aka taɓa turo wa canji mai layi dubu biyu da yammacin Juma'a ya san gaskiyar maganar. Har jerin da fayiloli ke fitowa yana tasiri: Enrico Fregnan da abokansa sun nuna a 2022 cewa fayilolin da ke saman shafi sun fi samun sharhi, kuskuren da ke fayil na ƙarshe kuma ya fi sauƙin kuɓuta.

Ƙanƙanta canji yana maganin gajiya, amma ba ya maganin rashin ma'auni. A ƙaddara manhajar da ke aika wa manoma saƙon tes da Hausa, saƙon yana da harafi 150. Wani ya lura an rubuta "kasa" a inda ake nufin "ƙasa", ya gyara. Harafi ɗaya ne, kowane mai bita zai amince cikin daƙiƙa biyar, har ya yaba. To amma jerin haruffan GSM da ke ba saƙo damar ɗaukar harafi 160 ba shi da ƙ da ɗ da ɓ. Da zarar ɗaya ya shiga, saƙon ya koma wani tsari mai ɗaukar harafi 70, ko 67 a kowane yanki idan ya rabu. Saƙo ɗaya ya zama uku, kuɗin aikawa ya ninka sau uku. Gyaran daidai ne, kuma wataƙila tawagar za ta zaɓi ta biya don a rubuta Hausa yadda ya dace. Sai dai ya kamata ta zaɓa da saninta, kuma hakan ba zai yiwu ba sai in akwai rubutu a kusa da saƙon da ya ce ga iyakar da aka gina shi a kai.

4.0 Inda takarda ta faɗi daidai, kod ya saɓa

An saba kukan cewa takardu suna tsufa, kod ya wuce ya bar su. Akwai akasin haka, kuma shi ya fi ban takaici.

OpenSSL manhaja ce da ke kulle bayanan da ke tafiya tsakanin mai amfani da intanet da shafin da ya ziyarta. A ranar ƙarshe ta 2011 aka haɗe mata wani ƙari wanda ke ba kwamfuta biyu damar tabbatar wa juna cewa layi bai yanke ba. Ɗaya za ta aiko da ɗan saƙo tare da lambar da ke faɗin tsawonsa, ɗayar ta kwafo shi ta mayar. Kod ɗin ya yarda da lambar ba tare da ya auna saƙon ba. Mugu sai ya aiko da bayit ɗaya ya ce tsawonsa 65,535 ne, saba kuma ta kwafo bayit ɗayan ta cika sauran da duk abin da ke maƙwabtaka da shi a ƙwaƙwalwarta: kalmomin sirri, saƙonnin mutane, wani lokaci har da mabuɗin sirrin sabar kanta. Ƙarin ya fita a siga 1.0.1 cikin Maris 2012, ba a tona kuskuren, wanda aka sa wa suna Heartbleed, ga duniya ba sai 7 ga Afrilu 2014, bayan injiniyoyin Google da na kamfanin Codenomicon na Finlan sun gano shi kowa ta hanyarsa. Kamfanin Netcraft ya ƙiyasta cewa saba kusan rabin miliyan abin ya shafa. Hukumar haraji ta Kanada ta sanar cewa an sace lambobin shaida na mutum kusan 900 ta wannan ƙofa.

An yi wa canjin bita kafin a haɗe shi. Marubucin ya faɗa daga baya cewa shi bai lura ba, mai bitar ma bai lura ba. Abin lura a gare mu shi ne takardar ƙa'idar wannan ƙari, RFC 6520, wadda aka buga a Fabrairu 2012, wata guda kafin sigar ta fita, kuma marubucin kod ɗin yana cikin mutum ukun da suka rubuta ta. A cikinta an faɗa ƙarara cewa idan tsawon da saƙo ya yi iƙirari ya yi yawa, dole a watsar da saƙon. Dokar tana nan a takarda, layin da zai cika ta ne babu a kod. Da wani ya ɗauki takardar ya bi kowace jimla mai "dole" yana neman inda kod ya cika ta, a wannan jimlar zai tsaya. Ban faɗi haka don in ga laifin mutum biyun nan ba. A lokacin gudummawar da aikin OpenSSL ke samu ba ta wuce dala 2,000 a shekara ba, mutum ɗaya ne kuma yake yin sa cikakken lokaci, alhali ɗimbin shafukan intanet sun jingina da shi. Ra'ayin da Eric Raymond ya yaɗa cewa yawan idanu yana tona kowane kuskure ya sha kashi a nan: kod ɗin ya yi shekara biyu a fili, kowa yana iya karantawa.

Kumbon Mars Climate Orbiter ya tashi ranar 11 ga Disamba 1998, ya ɓace ranar 23 ga Satumba 1999 yayin da yake shiga kewayen duniyar Mars. A hanya yakan kunna ƙananan injinansa don daidaita kansa, kowace kunnawa kuma tana ɗan ture shi daga hanya. Wata manhaja ta kamfanin Lockheed Martin da ke ƙasa ita ke lissafa ƙarfin turin, ta rubuta a fayil, masu tuƙi na cibiyar JPL ta NASA su ɗauka su gyara lissafinsu. Takardar yarjejeniyar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ta ce lambobin su zo da ma'aunin niyuton. Manhajar da ma'aunin fam take fitar da su. Kowace lamba ta gaza gaskiyarta da ninki 4.45, kuskuren yana taruwa har wata tara. An so kumbon ya wuce a nisan kilomita 226 daga doron Mars, sai lissafin da aka yi daga baya ya nuna ya sauko har kusan 57, alhali ƙasa da 80 ba zai tsira ba. Kwamitin bincike na NASA ya ce tantancewar da aka yi ba ta kula da manhajar ƙasa yadda ya kamata ba. Ya kuma ce masu tuƙi sun ga lissafi ba ya haɗuwa tun a hanya, amma damuwarsu ba ta bi ta hanyar rahoton da aka tanada ba. Kod ɗin in an karanta shi shi kaɗai lafiyarsa ƙalau, lissafinsa daidai ne da ma'aunin fam.

Akwai kuma inda takardar ce babu. Ranar 1 ga Agusta 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar sama da dala miliyan 460 cikin minti 45, bisa ƙididdigar hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar hannun jari. Ma'aikaci ya ɗora sabon kod a saba bakwai cikin takwas, ta takwas ta tashi da wani tsohon kod da aka daina amfani da shi tun 2003 amma ba a cire ba. Hukumar ta rubuta cewa babu ma'aikaci na biyu da ya duba ɗorawar, kuma kamfanin ba shi da rubutaccen tsari da ya wajabta hakan. Wani lokaci kuma abin ba ya ma zuwa gaban mai bita: ƙofar bayan (hanyar kutse ta sirri) da Andres Freund ya bankaɗo a manhajar xz a Maris 2024 an ɓoye ta ne a fayilolin gwaji da ido ba ya iya karantawa, da wani fayil ɗin gini da ke cikin ƙunshin da ake rarrabawa amma babu shi a ma'ajiyar kod da mutane ke dubawa.

5.0 Yadda ake bitar takarda

A binciken da GitHub ta yi a 2017 kan masu buɗaɗɗiyar manhaja, kashi 93 sun ce sun ci karo da takardun da ba su cika ba ko suka tsufa, kashi 60 na masu ba da gudummawa kuma sun ce da wuya su taɓa takarda, ko ma ba sa taɓawa. Kowa yana kuka, kowa yana jiran wani. Shekara goma kafin nan Lin Tan da abokan aikinta sun gina manhajar da ke gwama sharhin cikin kod da kod ɗin kansa, suka sake ta a kan Linux da Mozilla da Wine da Apache, ta fito da wurare 60 da biyun suka saɓa. A wasu sharhin ne ya yi ƙarya, a wasu kod ne ya karya dokar da sharhin ya kafa.

Idan aka ba injiniya takarda aka ce ya duba, abin da yakan yi shi ne ya karanta daga sama zuwa ƙasa, ya gyara waƙafi, ya ce ta yi. Ba ragwanci ba ne. Takardar da aka rubuta da kyau tana shiga kai sumul ko da ƙarya take yi, kuma wanda ya riga ya san manhajar yana cike giɓi da saninsa ba tare da ya ankara ba. David Parnas da David Weiss sun gano haka tun a 1985, lokacin da suke aikin sake tsara manhajar jirgin yaƙi A-7E a cibiyar binciken sojan ruwan Amurka. Sun ga ana jibga wa masu bita takardu fiye da ƙima, a tara su a babban zama, wanda bai gane ba ya yi shiru don kada ya ji kunya. Maganinsu shi ne a daina tambayar da za a amsa da i ko a'a. Kowane mai bita a ba shi ɓangaren da ya ƙware a kai, tare da aikin da ba zai yiwu ba sai ya yi amfani da takardar. A maimakon a ce masa "an bayyana yanayin da aikin zai gaza?", sai a ce ya rubuto duk yanayin da zai gaza da abin da zai faru a kowanne. In takardar ba ta faɗa ba, alƙalaminsa zai tsaya, an kama giɓin ke nan.

Wannan dabara ba ta tsufa ba, kuma ba ta cin kuɗi. Jagorar girkawa a miƙa ta ga wanda ya zo aiki makon nan, a ba shi kwamfutar da ba a taɓa girka komai a kanta ba, marubucin ya zauna a gefe ya kama bakinsa. Duk inda sabon ya ɗago kai zai yi tambaya, a sa alama. Matakan farfaɗo da saba in ta faɗi kuwa, a gwada su da rana tsaka kowa yana wartsake, kada a bari sai ƙarfe biyun dare.

Wani ɓangaren na'ura tana iya ɗauka. Python tana da doctest, wanda ke ɗaukar misalan da aka rubuta a cikin bayani ya gudanar da su, in amsar ta saɓa ya yi ƙara. A harshen Rust misalan da ke cikin takardu suna gudana tare da sauran gwaje-gwaje. Ajiye takardu a ma'ajiya ɗaya da kod shi ma yana taimakawa, don canji ɗaya ya ɗauki biyun su fito a shafi ɗaya, kuma jagorar bita da Google ta wallafa ta umarci mai bita ya duba ko an sabunta takarda duk lokacin da canji ya shafi yadda ake gina manhaja ko gwada ta ko amfani da ita. Abin da na'ura ba ta iya dubawa shi ne dalili. Don haka nake ganin amfanin gajerun takardun shawara irin waɗanda Michael Nygard ya ba da shawara a 2011, shafi ɗaya ko biyu da ke cewa ga halin da muke ciki, ga abin da muka zaɓa, ga abin da zai biyo baya. Zan ƙara da ra'ayina, wanda na san wasu ba za su so ba: takardar da babu mai ɗaukar nauyin bitarta gara a goge ta. Wanda bai sami takarda ba zai tashi ya yi tambaya, wanda ya sami ta ƙarya kuwa zai bi ta.

6.0 Ƙaramar tawaga da nauyin baki

Yawancin binciken da na ambata a kamfanonin da ke da dubban injiniyoyi aka yi shi. Tawagar mutum uku a Kano ko Kaduna ko Yamai ba ta da mai hakkin kowane sashe, ba ta da ma'aikacin rubuta takardu. Tana kuma da wani abu da ba a cika rubutawa ba, wato nauyin baki. Yaron da ya gama bautar ƙasa bara ba zai iya rubuta wa wanda ya ɗauke shi aiki "wannan ba daidai ba ne" cikin sauƙi ba, musamman a shafin da kowa ke gani. Tarbiyya ce, ba kuma abin da za a ce a yar ba ne. Gaya masa cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, ba zai sauke masa nauyin ba. Abin da ke sauke shi shi ne babban ya sauya irin tambayar da yake yi. Idan oga ya turo canji ya ce "duba min", amsar da zai samu ita ce "ya yi, ranka ya daɗe". Idan ya ce "karanta takardar nan, ka rubuto min abin da zai faru in an turo sifili, in an turo lamba mai ragi, in an bar wurin babu komai, sannan ka nuna min layin da ke kula da kowanne", ya ba yaron aiki, kuma yaron zai iya dawowa ya ce "na ukun ban ga layinsa ba" ba tare da ya ji ya yi rashin kunya ba.

A ɗauki misalin da ya shafi kusan duk mai gina manhajar biyan kuɗi a Nijeriya. Takardun Paystack sun bayyana cewa da kwabo ake turo adadi, wato naira 5,000 a rubuta 500,000. A ƙaddara wata tawaga tana da aikin cikin gida da ke karɓar naira ya ninka da ɗari kafin ya tura. Wata rana aka ga ya fi kyau kowa ya riƙa turo kwabo kai tsaye, aka cire ninkin, aka gyara wurare biyu da ke kiran aikin. Shafin bita zai nuna layi uku, duk daidai. Ba zai nuna manhajar wayar da ɗan tawagar na uku yake ginawa a wata ma'ajiya ba, wanda takardar da yake bi har yanzu naira take cewa. Ranar da aka haɗa, mai sayen kayan naira 5,000 naira 50 za a cire masa.

Hanyar kama irin wannan tana farawa daga marubuci. Kafin ya nemi bita, ya rubuta a saman buƙatar wane alkawari ne canjin ya sauya, waye ya dogara da tsohon alkawarin, a wace takarda kuma aka rubuta shi. Masu Linux sun daɗe da wajabta cewa kowane canji ya zo da bayanin matsalar da yake warwarewa, kuma ya ɗauki abu ɗaya kawai. Sun kuma rubuta ma'anar sa hannun mai bita a takardunsu, ta yadda wanda ya sa sunansa ya san abin da ya shaida. Ƙaramar tawaga za ta iya aron wannan ta hanyar hana amincewa marar magana. Mai bita ya rubuta jimla biyu: abin da ya gwama da me, da abin da bai duba ba. A misalinmu zai rubuta cewa ya bi layukan uku, ya gwama su da takardar biyan kuɗi, ya ga sashe na biyu har yanzu naira yake cewa, bai kuma buɗe manhajar waya ba, don haka kada a haɗe sai mai ita ya gani.